Wai ina ya kamata a ajiye fanka don ɗumin murhun itace ya ratsa gida?

Baban Tagwaye:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu ɗumama gida da murhun itace ce, irin rufaffen nan na ƙarfe mai bututun hayaƙi. Namu a falo yake. Idan wuta ta kama sosai, falon yakan yi zafi har mutum ya tuɓe rigar sanyi, amma ɗakunan kwana biyu da ke ƙarshen korido sai ka ce ba a hura komai a gidan ba. Ina da fankar tsaye da ƙaramar fankar tebur, akwai kuma ta silin a falon. A ina zan ajiye su, ina kuma za su fuskanta, don ɗumin ya kai ɗakin yara? Gidan ba bene ba ne.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin dogon tunani ba ne, Malam. Zafi yana falo, kai kuma a ɗaki kake son sa. Kafa fankar tsaye kusa da murhu, ka juya fuskarta wajen korido, ka ƙure ta. Shi ke nan.

Maman Auta:
A'a Malam Mai Walda, akasin haka za a yi. Baban Tagwaye, ɗauki ƙaramar ta teburin nan ka ajiye ta a ƙasa, a bakin ƙofar ɗakin da ya fi sanyi, fuskarta na kallon falo. Ka sa ta a lamba ɗaya. Sanyin za ka tura wa murhu, ɗumin zai zo da kansa ta sama. Kada ka yi tsammanin jin canji nan take, ka ba ta lokaci.

Mai Walda:
Hajiya, wannan kuma wace irin dabara ce? Bawan Allah yana kukan sanyi, ke kuma kin ce ya kunna fanka a inda sanyin yake?

Malamar Kimiyya:
Maganar Maman Auta ita ce daidai, kuma dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Ko babu fanka ko ɗaya a gidan, iska tana tafiya a ƙofar falon nan ta hanya biyu a lokaci guda. Mai ɗumi ta fi sauƙin nauyi, don haka tana taruwa a ƙarƙashin silin, ta fita ta saman ƙofa. Mai sanyi tana bin ƙasa ta shigo falo. Wanda ke shakka ya yanki tishu siriri guda biyu, ya liƙa ɗaya a saman ƙofa ɗaya a ƙasa. Na sama zai karkata waje, na ƙasa zai karkata ciki. Wato zagayen yana nan, rauni gare shi kawai.

To idan ka kafa fankar tsaye a tsakiyar ƙofa ka ƙure ta, me ka yi? Iskarta ta cika ƙofar daga sama har ƙasa, ta tare hanyar da sanyi ke bi ya dawo. Ɗaki kuwa ba ya karɓar sabuwar iska sai wadda ke cikinsa ta sami mafita. Sai iskar ta yi ta hautsinewa a farkon korido, can ƙarshensa ba a san ana yi ba. Amma idan ƙaramar fanka tana ƙasa tana tura sanyi wajen murhu, hanyar da iskar ke bi tun asali ka ƙara wa gudu. Duk abin da ta janye daga ɗakin yara dole wani ya maye gurbinsa, kuma abin da ke jira a saman korido shi ne ɗumi.

Ɗan Lantarki:
Malama, na taɓa karantawa wai don iska mai sanyi ta fi nauyi ne, farfela ta fi kama ta. Haka ne?

Malamar Kimiyya:
Ana yawan faɗar haka, kuma da gaskiya a ciki, sai dai 'yar kaɗan ce. Kubik mita ɗaya na iska a digiri 20 yana da nauyin kilo 1.20, a digiri 40 kuma kilo 1.13. Bambancin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Wannan ba zai ɗumama wa kowa ɗaki ba. Babban dalilin shi ne iska mai sanyi tana manne da ƙasa, idan ka tura ta sai ta tafi a shimfiɗe har ta kai inda ka nufa. Mai ɗumi kuwa da ta rabu da fanka sai ta haye silin. Akwai kuma fatar mutum. Iskar da ke kaɗawa tana kwashe zafin jiki, shi ya sa fanka ke sanyaya mu lokacin zafi. Iskar digiri 24 da aka huro maka da ƙarfi za ka ji ta da sanyi, ko da ta fi ta ɗakin ɗumi. Yaron da ke kwance a ɗaki ba ya buƙatar guguwa a kansa.

Mai Walda:
Na ji bayani, amma ban gamsu duka ba. Ni ba tsakiyar ƙofa kaɗai na sani ba. Akwai ƙananan fankoki da ake ɗaurawa a kusurwar saman ƙofa, don wannan aikin aka ƙera su. Suna ɗibar iskar da ta fi kowace zafi su jefa ta gaba. Ba su tare ƙasa ba. Su ma za a ce ba sa aiki?

Malamar Kimiyya:
Su kam suna aiki, Malam, don ba su saɓa wa zagayen ba, rabinsa na sama suke taimakawa. Idan ɗakin da ake son ɗumamawa yana manne da falo, sun wadatar. Inda suke gazawa shi ne doguwar korido, musamman mai kwana. Suna jefa ɗumi mita biyu ko uku, daga nan ƙarfinsu ya ƙare. Ita kuwa ta ƙasa da ke can ƙarshe, janyowa take yi, don haka tasirinta yana bin tsawon hanyar gaba ɗaya. Mai hali ya haɗa biyun.

Magini:
Bari in sa baki a nan, don akwai abin da ba a ambata ba. Ku dubi bangon da ke tsakanin saman ƙofa da silin. A gidaje da yawa ƙofa tana da tsayin mita 2 ko ɗan fiye, silin kuma mita 2.4 ko sama da haka. Wannan guntun bangon tamkar madatsar ruwa yake, sai dai a kife: iskar da ta fi zafi tana taruwa a bayansa, ba ta fita sai ta cika ta tumbatsa ta ƙarƙashinsa. Kowace ƙofa da ɗumi zai ratsa kafin ya kai ɗakin yara, sai ya sake cika wata madatsar. Shi ya sa a tsofaffin gine-gine ake barin 'yar taga a saman ƙofa. Idan gidan naka ne, Baban Tagwaye, buɗe kafa a saman ƙofar falo a sa mata raga zai yi maka aikin da fanka ba za ta yi ba, ba ƙara, ba kuɗin wuta. Amma a fara duba ko bangon yana ɗauke da nauyin rufi kafin a sa masa guduma.

Baban Tagwaye:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Fasa bango kam ba yanzu ba. To ta silin fa? In bar ta a kashe?

Ɗan Lantarki:
Duba jikinta, Yaya. Da yawansu suna da ɗan makunni a gefen moto da ke juya tafiyar farfela, wasu kuma a rimot yake. Lokacin zafi tana turo iska ƙasa. Lokacin sanyi sai a juya ta, ta riƙa jan iska sama, ɗumin da ya taru a silin ya bazu gefe ya gangaro ta jikin bango, ba tare da wanda ke zaune a ƙarƙashinta ya ji iska na dukansa ba. A galibinsu, idan ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, za ka ga tana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. A lamba mafi ƙanƙanta za a bar ta. Kuma a kashe ta ta tsaya cak kafin a taɓa makunnin.

Maman Auta:
Ni a nan nake da ja. Ta silin tana gyara falo ne, ba ɗakin kwana ba. Shi Baban Tagwaye falonsa ya riga ya yi masa zafi. Idan ta sauko da ɗumin silin ƙasa, zafin zama zai ƙaru, sannan ta dagula wancan shimfiɗaɗɗen ɗumin na sama da muke so ya malala korido. Ni da zan ba shi shawara, ya bar ta a kashe tukuna ya ga aikin ƙaramar.

Ɗan Lantarki:
Hajiya, idan silin mai tsawo ne fa? Ɗumin da ke can sama da ƙofa da mita ɗaya da rabi ba zai taɓa fita ba, rufi kawai yake ɗumamawa.

Maman Auta:
Wannan kuma na yarda. Mai dogon silin ya kunna. Shi dai bai ce nasa dogo ba ne.

Autan Zaure:
Iyayena, ku yi haƙuri in shigo da tawa. Me za ku ce game da fankar nan da ake ɗorawa a kan murhun kanta, wadda ba waya ba batir amma tana juyawa? Na ga bidiyonta, abin kamar siddabaru.

Ɗan Lantarki:
Ba siddabaru ba ne ƙanena, tsohon ilimi ne. A 1821 wani masanin kimiyya Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa iri biyu, mahaɗa ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, lantarki yana samuwa. A cikin fankar akwai wani ɗan falle da aka matse tsakanin gindinta da samanta. Gindin na alminiyom ne, yana shan zafin murhu. Saman kuma fikafikai ne da iska ke sanyayawa. Bambancin zafin da ke tsakaninsu shi ke ba ƙaramin moto wuta. Kamfanin Caframo na Kanada ya yi suna da irinta mai suna Ecofan, yanzu kuma masu ƙera ta sun yi yawa.

Galibinsu suna fara juyawa idan saman murhu ya kai digiri 50 zuwa 65, kuma idan ya haura wajen digiri 340 fallen yana iya lalacewa. Wasu an sa musu wani ɗan ƙarfe a gindi da ke lanƙwashewa ya ɗaga ta kaɗan idan zafi ya yi yawa. Wurin ajiye ta shi ne baya ko gefen saman murhu, inda za ta jawo iska mai sanyi-sanyi ta bayanta. Kada a ajiye ta a gaban bututun hayaƙi. Idan samanta ya yi zafi kamar gindinta, bambancin ya tafi, sai ta rage gudu.

Akwai wata irin kuma mai aiki da injin da Robert Stirling, wani limamin coci a Sukotlan, ya ƙirƙira a 1816. Ita ma zafi kawai take ci.

Mai Walda:
To ga maganin matsalar Baban Tagwaye nan. Ya sayi biyu ya huta.

Malamar Kimiyya:
Kafin ya saya bari mu yi lissafi, don lissafin nan yana raba gardama da yawa. Iska ba ta ɗaukar zafi da yawa. Kubik mita ɗaya a awa, idan bambancin zafi digiri ɗaya ne, kusan sulusin wat kawai yake ɗauka. A ce fanka tana tura kubik mita 200 a awa, wanda shi ne kimanin ƙarfin irin waɗannan na kan murhu, kuma a ce duk iskar ta isa ɗaki tana fin ta ɗakin da digiri 10. Abin da ta kai shi ne wat 670 ko kusa da haka. Idan bambancin digiri 5 ne, rabin wannan. Murhun gida kuwa yakan ba da kilowat 5 zuwa 8. Kun ga kaso kaɗan ne ke tafiya. Kuma wannan lissafin mai kyautata zato ne, don iskar fankar kan murhu ba ta kaiwa ɗakin kwana, a tsakiyar falo take bajewa.

Ba ina kushe ta ba ne. Tana karkato ɗumin da zai miƙe silin zuwa inda mutane ke zaune, ba ta da ƙara, kuma ranar da aka ɗauke wuta ita kaɗai ke aiki. Amma ta falo ce. Akwai kuma wani kaso babba na zafin murhu da ke fita a matsayin huci, irin wanda kake ji a fuska idan ka tsaya gabansa. Shi wannan miƙewa yake yi ya sauka a kan bango da kujeru da jikin mutum, fanka ba ta iya kaɗa shi, ba ya kuma shan kwana. Don haka ɗakin murhu zai fi sauran ɗumi ko me aka yi. Abin da ake nema shi ne rage tazarar.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, kun yi ta maganar ɗumi, ba wanda ya taɓo hayaƙi, alhali shi ne mai kisa. Murhu yana shan iska daga ɗaki, bututu yana zuƙe hayaƙi sama, kuma wannan zuƙar ba ta da ƙarfin da kuke zato. Duk fankar da ke janye iska daga ɗakin murhu tana kokawa da bututun ne. Idan ƙofa a buɗe take, abin da ya fita yana dawowa, ba matsala. Amma a ce an huda bango an sa fanka mai zuƙa, an kuma rufe ƙofar falo, ko an kunna mazuƙin hayaƙi na kicin da na banɗaki a gidan da tagoginsa ba sa shan iska. Daga ina ɗakin zai cike gurbin? Ta bututun. Sai hayaƙi ya juyo ciki.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakar dare, wuta ta mutu saura garwashi. Bututu ya huce, zuƙarsa ta raunana, garwashi kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wanda ke barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Kuma zagayen nan da kuke ƙoƙarin ƙarfafawa, shi zai kai ta ɗakin yara. Don haka kafin fanka, a sayi ƙararrawar gargaɗin wannan iska, ɗaya a ɗakin murhu ɗaya kusa da wurin kwana, da ƙararrawar hayaƙi. A Ingila tun 2010 dokar gini ta wajabta sa ta duk inda aka kafa sabon murhu irin wannan.

Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son shawarar Maman Auta. Fankarta cusa iska take yi a ɗakin murhu, ba janyewa ba.

Magini:
Gaskiya ne Baba. Ga masu gidan da ke da na'urar ɗumama ta tsakiya mai bututai a cikin rufi, wasu sukan kunna fankarta kaɗai don ta raba ɗumin murhu. Sau da yawa ba ya biyan buƙata, don idan bututan sun ratsa ta wurin da ba a ɗumamawa, ɗan ɗumin ya zube a hanya, sai iska mai sanyi-sanyi ta fito a ɗaki. A Amurka ma ƙa'idar gini da jihohi da yawa ke bi ta hana sa bakin da irin wannan na'urar ke zuƙar iska ta cikinsa a ƙasa da ƙafa 10, wato kimanin mita 3, daga buɗaɗɗen wurin ƙonewar wuta. Dalilin shi ne wanda Baba ya faɗa.

Uwar Bene:
Sannunku da ƙoƙari. Mu namu bene ne, murhu a ƙasa. Wani ya ce mu huda silin daidai saman murhu mu sa raga, ɗumi ya hau ɗakin sama kai tsaye. Me kuka gani?

Magini:
Hajiya, kada ki yi gaggawar wannan. Hanyar da ɗumi zai bi, ita hayaƙi da harshen wuta za su bi ranar da Allah ya kiyaye gobara ta tashi, kuma kai tsaye ɗakin da mutane ke barci. Daɓen bene yana jinkirta wuta, huda shi yana zubar da wannan kariyar. A wurare da yawa dokar gini ba ta yarda ba sai an sa murfi mai rufe kansa idan zafi ya kai wani mataki. A tambayi hukumar gini ta inda kike, da kamfanin inshora idan akwai.

Kuma sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Matakala ita kanta babbar kafa ce, ɗumi yana hawa ta samanta. Abin da ke hana shi yawanci rashin hanyar saukar sanyi ne. Ki zauna a kan matakala da daddare, za ki ji sanyi yana gangarowa ta ƙafafunki. Ki taimaka masa: ƙaramar fanka a ƙasan daɓen sama, kusa da kan matakala, tana kallon ƙasa, sannan ƙofofin ɗakuna a buɗe. Sai dai a ajiye ta inda ba wanda zai yi tuntuɓe da ita ko da wayarta cikin duhu.

Uwar Bene:
Ƙofa a buɗe kuma? Manyan yara ba za su yarda ba.

Maman Auta:
A buɗe da yamma ɗaki ya sha ɗumi, a rufe lokacin kwanciya. Bango da katifa suna riƙe abin da suka sha na ɗan lokaci. Masu kashe gobara ma shawarar da suke bayarwa ke nan, a kwana da ƙofa a rufe.

Mai Walda:
Tunda kun taru a kaina, bari in kawo abin da na sani a ɓangaren ƙarfe, wanda ba mai ja da ni. Kada kowa ya saita fanka tana hura bututun hayaƙi don wai ya tatsi zafinsa. Hayaƙi yana buƙatar zafinsa don ya hau. Idan ya huce ya sauko ƙasa da wajen digiri 120, sai ya fara daskarewa a cikin bututu, ya zama wani baƙin abu kamar kwalta. Shi ke taruwa ya kama da wuta wata rana, kuma wutar cikin bututu tana iya lanƙwasa ƙarfe ta fasa bulo. Ɗanyen itace yana ninka wannan matsalar, ga shi wani kaso na ƙarfinsa a ƙafar da ruwa yake ƙarewa. Itacen da ruwan jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 bai isa shiga murhu ba. Wani yana can yana sayen fanka ta uku, alhali itacensa ne ke tsiyayar ruwa a wuta.

Sannan fankar roba da wayarta su yi nesa da murhu. Hucin da ba ka ɗauka komai ba yana narkar da roba a hankali.

Dattijon Zaure:
Yanzu ka yi magana, Mai Walda.

Autan Zaure:
To idan an yi duk wannan ɗakin bai yi ɗumi ba fa?

Malamar Kimiyya:
Sai a koma kan lissafin ɗazu. Idan fanka tana kai wat 400 ɗaki, taga da ƙasan ƙofar waje da rufi kuma suna zubar da 600, ɗakin ba zai ɗumama ba ko an ƙara fanka goma. A bi gefen taga da bayan hannu a ji inda iska ke shigowa, a toshe, a sa labule mai kauri, a duba ko akwai abin tare zafi a cikin rufi. A kiyaye dai kada a toshe kafar da aka bari musamman don murhu ya sha iska. Kuma kada a ce za a yi ta iza wuta fiye da ƙarfin murhun don ɗakin nesa ya ji, ƙarfen ne zai lalace, falo kuma ya gagari zama. Wani ɗakin nisansa ya wuce abin da murhu ɗaya zai iya, sai dai a nema masa ɗan abin ɗumamawa nasa.

A sayi ma'aunin zafi guda biyu masu araha, ɗaya a falo ɗaya a ɗaki, a tsayi ɗaya daga ƙasa. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a jira awa ɗaya ko biyu, a karanta. Jiki yana ruɗar mutum, musamman wanda ya fito daga gaban wuta.

Ɗan Lantarki:
Ƙarin abu ɗaya ga duk wanda ya ɗauki shawarar fankar ƙasa: a kashe ta kafin a buɗe ƙofar murhu don ƙara itace, haka ma lokacin kwashe toka. In ba haka ba tokar za ta bi zagayen nan ta sauka a kowane ɗaki. Kuma da yake a ƙasa take, tana tara ƙura da gashi fiye da ta tebur, sai a riƙa cire ragar ana goge farfela, don moton da ƙura ta toshe yana ɗaukar zafi, ga shi ita ce za a bari a kunne na sa'o'i.